Takalman Ƙafar Hagu

Lokacin da abin da zan ba ku labari ya fara, ni direban soja ne, saurayi mai jini a jika, mai bakin tsiya, wanda duk barikinmu ba mai iya kayar da shi a fagen tsokana sai mutum ɗaya. Yau in ka gan ni a bakin kasuwar Maraɗi, zaune a inuwar tsohuwar motar da nake ja, ina jiran a gama sauke buhunan zogale, ba za ka yarda na taɓa ba wani dariya ba. Na rubuto muku ne don matata ta ji labarin nan har ta haddace, ni kuma har yanzu bai fita daga ƙirjina ba. Ina roƙon a sakaya sunana. Waɗanda suka san gidanmu za su gane ni, su kuwa ba sauran abin da zan ɓoye musu.

Mutum ɗayan nan da na ce, taubashina ne, ɗan gwaggota ƙanwar babana, wadda aka kai aure Tsibiri tun ba a haife ni ba. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, kuma a gidanmu ɗan mace bawan ɗan namiji ne a wasa. Da wannan muka buɗe ido. Ban tuna ranar da na kira shi da sunansa na yanka ba, bawa nake ce masa, shi kuma ya ce mini ubangijin tsiya wanda ba shi da ko akuya. In damina ta faɗi aka rufe lekol, wato makarantar boko, sai a tura ni Tsibiri in taya su noman gero, ya bar ni a tsakiyar gona yana shelanta wa maƙwabta cewa ga ɗan birni ya zo koya wa hauya barci. In ya zo wurinmu unguwar Sabon Gari a Maraɗi in rama, in ce a ɓoye tukwane ga fari sun sauka. Tun yana yaro manyan ƙafafu gare shi, gwaggo kan sha wahalar samo masa takalmin Sallah, ni kuwa na laƙaba masa ƙafar raƙumi. Duk abin da ɗayanmu ya faɗa wa ɗaya, ba mai ikon fushi, kuma manya ba sa shiga. Maganar da za ka faɗa wa ɗan'uwanka ciki ɗaya ku shekara ba ku gaisa ba, taubashi sai ka faɗa masa ita a gaban surukansa, a yi dariya a tashi.

Shi ya riga ni shiga soja, na bi shi ba da jimawa ba, ya ce bai taɓa ganin ubangijin da ke bin bawansa neman abinci ba. Dukanmu tuƙi aka ba mu. Da fitina ta tashi a gabas, can yankin tafki, aka kwashe mu, Allah ya haɗa mu a runduna ɗaya, ƙarƙashin wani ajidan marar yawan magana da muke ce wa shef. Ba zan cika ku da labarin harbe-harbe ba. Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne garuruwan da muke shiga mu tarar ba kowa, turmi a tsakar gida da taɓarya a ciki, gonakin tattasai sun nuna jawur suna ruɓewa ba mai tsinka, jaki ya mutu ɗaure a turkensa. Ga zafi, ga ruwan sha mai warin mai, ga barcin da bai wuce na zomo ba. A cikin wannan hali wasanmu ni da taubashina ya zama rediyon runduna. In an sauka cin abinci sai a kewaye mu, Zabarmawa da Barebari da Abzinawa, wasu ko Hausar ba ta ishe su ba, a ce bawa da ubangiji su fara. Har shef, wanda ba a ganin haƙoransa, yakan juya mana baya kafaɗunsa na rawa.

Direba a can da ido yake aiki fiye da hannu. Mutanen da muke yaƙi da su sukan binne nakiya a cikin rairayi, a kan hanyar da suka san za mu bi, su share wurin har ya koma kamar ba a taɓa ba. Don haka doka ɗaya ce, motar gaba ta yi sawu, duk na baya su ɗora tayarsu a kan sawun nan, ba kaucewa. Na baya a kan ƙasar da aka riga aka gwada yake tafiya. Na gaba shi ke gwadawa, da motarsa da mutanen da ya ɗauko da ƙafafunsa. Saboda nauyin abin ba a ɗora wa mutum ɗaya kullum, karɓa-karɓa ake yi, kuma da yake ni da taubashina muka fi sanin hanyoyin yankin, yawanci tsakaninmu abin ke zagayawa. Shef ya bar mana mu shirya da kanmu, muddin kafin a tayar da mota ya san wa ke gaba. Ranar da kake gaba, wuyanka kan sandare saboda kallon ƙasa, ka sauka da yamma yatsunka sun ƙi miƙewa.

Ranar da abin ya faru, zagayena ne. Kafin nan da kwanaki kaɗan an yi mana kwanton ɓauna a bakin wani kwari, ni na ɗauko gawarwakin a bayan motata, na goge ta da rairayi amma warin bai fita ba. Da safen nan muna shan shayi a tsaye, rana ta fara ɗagowa, sai na dubi taubashina na ce a ina aka taɓa ganin ubangiji ya shiga gaba yana share wa bawa hanya, ai bawa ke wucewa ya kaɗe raɓa. Aka kwashe da dariya. Ya ajiye kofinsa, ya faɗi a gabana irin gaisuwar fada, ya ce ya ji ya bi, a dai shaida yau ubangijinsa ya ɗaura zane. Ya wuce ya gaya wa shef an yi musanya. Na buɗe baki in ce wasa nake, ban faɗa ba. Shekarun nan duka ina tambayar kaina ko wasa ne ya fito daga bakina, ko tsoro ne ya ari bakin wasa, kuma wallahi har yau ban sani ba. Na dai san da na ga motarsa ta wuce gaba, na ji wani nauyi ya sauka daga wuyana.

Ba mu yi nisa ba. Ina bayansa, idona a kan sawunsa, ina ma jin haushin yadda yake tafiya a hankali kamar mai rakiyar amarya. Sai na ga ƙasa ta tashi tsaye, motarsa ta ɗaga ta gefen hagu ta faɗi a kan haƙarƙarinta, kunnuwana suka toshe. Doka ta ce kada kowa ya sauka sai an duba wurin, don sukan binne ta biyu saboda masu kai ɗauki, amma ban san sadda na tsinci kaina ina gudu a kan sawun taya ba. Ɗaya daga cikin waɗanda ke bayan motar ya riga ya cika, wani ɗan Damagaram mai yawan waƙa. Taubashina kuwa ta tagar gaba na jawo shi. Ƙafarsa ta hagu, ƙafar raƙumin da na yi shekaru ina yi wa dariya, ba ta da siffar ƙafa daga gwiwa zuwa ƙasa. Na kwance rawanina na ɗaure cinyar iya ƙarfina. Muka sa shi a motata, wani ya karɓi tuƙin, na ɗora kansa a jikina. A hanya ya buɗe ido, leɓɓansa sun yi fari, ya ce in gaya wa kawunsa, wato babana, bawa ya share hanya tas, ubangiji ya wuce lafiya. Yana faɗa yana ƙoƙarin murmushi. Ni kuwa maganar ta shige ni kamar wuƙa, kuma daga ranar bakina ya mutu a kansa.

Aka kai shi Yamai, aka yanke ƙafar sama da gwiwa. An yi masa ta roba, amma tana goge masa dungun har ya yi jini, ya rataye ta a bango ya koma ga sanduna. Ni na ci gaba da aiki a gabas har na kai in na riƙe sitiyari a kan rairayi gumi ke karyo mini, sannan na nemi sallama na ajiye kaki. Da na dawo Maraɗi na daɗe ina ɗaga zuwa Tsibiri, tafiyar da babur ɗin kabu-kabu ke yi kafin a gama dafa shayi. Ranar da na je, na same shi a ƙofar gida a kan tabarma, ƙafar wandonsa ta hagu a naɗe. Tun daga nesa ya ɗaga murya ya ce a shimfiɗa buzu ga sarkin matsorata ya iso, a kawo masa ruwa kada ya suma. Mutanen wurin suka yi dariya suna kallona, suna jiran ramuwa. Ni kuwa na cire takalmi, na durƙusa, na gaishe shi kamar ina gaida limami. Na tambaye shi jiki, na ce Allah ya ƙara sauƙi, Allah ya sa kaffara ce. Na kira shi da sunansa. Ya dube ni ya daɗe, ya sake jefo wata tsokanar, na sake cewa Allah ya ba da lafiya. Ko ruwan da aka kawo ban shanye ba na ce ina da uzuri.

Ƙaramar Sallar da ta biyo baya, da hantsi bayan an sauko idi, wani direban taksin Tsibiri ya tsaya a ƙofar gidanmu ya miƙo mini leda. Na buɗe, takalmin fata ne sabo fil, ɗinkin dukawa mai kyau, ƙato, na ƙafar hagu, guda ɗaya tak. Direban ya ce an ce a gaya mini gaisuwar Sallah ce daga bawa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ni abin da na gani a jikin takalmin nan shi ne, ga abin da ka raba ni da shi, ajiye ka riƙa kallo. Na shiga ɗaki na zauna da shi a hannu, abincin Sallar nan ban ci ba. Ban yi fushi ba, don a ganina gori ne kuma na cancanta. Na sa takalmin a buhu na rataye a bayan ƙofa. Washegari na sayi shinkafa na aika Tsibiri, ni ban je ba.

Haka abin ya zama al'ada. Duk ƙaramar Sallah takalmin hagu ya zo, in jefa a buhu, in aika da wani abu, shinkafa ko shadda, wata shekara har keken guragu mai tuƙin hannu. Na samu aikin jan motar wani mai lambu a Jiratawa, ina kwaso zogale da tattasai da albasa zuwa kasuwa, na kuma ji daɗin aikin don hanyarsa kudu ta yi, Tsibiri kuwa tana wancan gefen gari. Na yi aure, aka haifa mini 'ya'ya, na zama mutumin da yara ke daina wasa in ya shigo gida. Matata, wadda ba ta san ni da bakina na da ba, ta sha ce mini ita fa takalmin nan bai yi mata kama da gori ba, mai gori ba ya zaɓo fata mai kyau haka, in je in ji daga bakinsa. Sai in ce mata ba ta san abin da ya faru ba, ta bar maganar maza. Sau ɗaya muka haɗu da shi a wurin sunan wata 'yar'uwarmu, ya hango ni ya ce jama'a su riƙe aljihunsu, ga ubangijin da ke karɓar haraji ko godiya babu. Na je na durƙusa na ce na gode, Allah ya saka da alheri. Na ga fuskarsa ta canza, ya juya ya ci gaba da magana da na kusa da shi. A raina na ce ka gani, ko kallona ba ya son yi.

Gwaggo ce ta kawo ƙarshen abin. Wata rana da tsakar rana na dawo daga Jiratawa na same ta zaune a tsakar gidana, tsohuwar da ba ta fita ko'ina ta hau kabu-kabu ita kaɗai ta zo. Takalman na zube a gabanta, matata ta sauko mata da buhun. Ban gama gaisuwa ba ta ce in riƙe gaisuwata, irin gaisuwar nan ce ta binne mata ɗa tun bai mutu ba. Ta ce yana kwance, likitoci sun ce ƙoda ce, kuma ita ba roƙona ta zo ba, ta zo ta ga ko ɗan wanta ya zauce ne a yaƙi ba a gaya mata ba. Ta ce tun da ɗanta ya dawo da ƙafa ɗaya kowa ya canza masa murya, abokansa, matarsa, har ita da ta haife shi, kowa sannu, kowa Allah sarki, ba mai musu da shi ko da ya shirga ƙarya. Mutum ɗaya ne a duniya yake da ikon ya dube shi ya ce masa gurgu a yi dariya, shi yake jira. Ta ce duk Sallah da kansa yake zuwa wurin baduku ya zaɓi fata, ya aiko mini da na hagun, sannan ya sa a fitar masa da tabarma ya zauna yana kallon hanya, yana ce wa mutane su tsaya su ji irin zagin da zai dawo daga Maraɗi, don ubangijinsa ba ya barin ta kwana. Har la'asar, har magariba, sai washegari a ga shinkafa. Ta ce shinkafar nan ko sau ɗaya bai ci ba, sadaka yake sa a yi da ita, keken kuma kaji ke kwana a kai. Daga ƙarshe ta ce zumunta dai a ƙafa take, shi uzurinsa kowa na gani, ni mai biyu me ya hana ni.

Na tattara takalman na mayar buhu, na sa ta a gaban mota, muka kama hanyar Tsibiri. Duk hanyar ina neman abin da zan faɗa, ni da a da magana ke zuwa mini tun ban neme ta ba, na tarar wurin ya ƙafe kamar tsohuwar rijiya. Na same shi a ɗaki, jikin ya rame, fuskar ta kumbura, ƙafar roba na rataye a bango. Gwiwoyina suka fara lanƙwashewa saboda sabon durƙusa masa, na tsayar da su da ƙyar. Na zazzage buhun a gaban gadonsa. Na ce ban taɓa ganin ɓarawon bawa irinsa ba, shekara da shekaru yana kawo rabin haraji yana ɓoye rabi, yau na zo karɓar na dama, in kuma babu a ba ni ƙafar da ta rage in tafi da ita, ko banza raƙumi mai ƙafa ɗaya ba shi da kasuwa. Ba wata magana ce mai armashi ba, a da ko cikin barci na fi haka. Amma ya rufe ido, cikinsa ya fara girgiza, dariya ta ƙwace masa har ta koma tari, matarsa ta shigo a guje da ruwa. Da ya samu numfashi ya ce ai an san a rina, ubangijinsa kullum a baya yake zuwa, sai an gwada masa hanya.

Da ɗakin ya rage mu biyu na kasa riƙewa, na fara ba shi haƙuri a kan safiyar nan, na ce zagayena ne, kuma ban sani ba ko tsoro ne ya sa ni. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce shi ma tsoron yake ji a ranar, kowa na ji, kuma ko na manta lokutan da na karɓar masa gaba in ya kwana da zazzaɓi. Ya ce shi a wurinsa wasa muka yi, wasan ya faɗa a kan ƙaddara, kuma da wannan yake iya kwana. Amma da na dawo ina durƙusa masa ina kiran sunansa, sai ya fara tunanin ashe ba wasa ba ne, ashe da gaske na tura shi, tunda ga shi ina biyan diyya da shinkafa. Ya ce nakiya ƙafa ɗaya ta ɗauke masa kuma ya saba, ladabina ne ya hana shi barci shekarun nan. Bai faɗa da zafi ba, a gajiye ya faɗa, yana kallon rufin ɗaki. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya rage mana bai kai shekara ba. Na riƙa zuwa duk ranar da ba ni da lodi, in zauna a bakin gadonsa mu yi ta yi, har maƙwabta suka fara leƙowa yadda sojoji ke kewaye mu a da. Amma ƙarfinsa na raguwa, wani lokaci yana tsakiyar ramuwa barci ya ɗauke shi, in zauna da amsata a baki. Ni ma bakin bai dawo daidai ba, ya yi tsatsa. Ya rasu ana tsakiyar azumi, da safe. Ina cikin waɗanda suka sa shi a kabari, na riƙe wajen ƙafa, wurin ya yi mini sauƙi a hannu fiye da yadda ya kamata.

Ranar Sallah na sauko daga idi ba na jiran kowa. Sai ga taksin Tsibiri a ƙofar gida, direban nan dai, shi ma ya yi furfura. Ya miƙo leda, bai iya kallona ba. Takalmi ne sabo, ƙafa biyu, hagu da dama. Ya ce marigayin tun kafin azumi ya sa aka kira masa baduku, ya kuma bar saƙo a gaya mini bana bawa ya cika haraji, don inda za shi ba a shiga da takalmi. In sun yi mini yawa in cusa tsumma, hanyar Tsibiri dai babu nakiya, ya riga ya share. Na tsaya a ƙofar gida da kayan Sallah a jikina ina dariya, hawaye na zuba, yarana suna kallona don ba su taɓa ganin ko ɗaya daga cikin biyun a fuskata ba. Nan take ramuwa ta zo mini, mai kyau, irin ta da, wadda za ta kayar da shi. Ba wanda zan aika wa.

Na gaji, ba zan ɓoye muku ba. Yaƙin gabas na bar shi a gabas gwargwadon iko, shekarun da na ɓata tsakanin Sabon Gari da Tsibiri su ne suka ƙi barina. Na ɗauka kaina nake horo, ashe shi nake azabtarwa. Shi ya sa nake jan kunnen duk wanda nasa ya dawo daga fagen fama, ko daga gadon asibiti, da wani abu a jikinsa ya ragu, kada ya canza masa murya. In abokin musu ne a ci gaba da musun, in taubashi ne a zage shi yadda aka saba. Tausayi abu ne mai kyau, amma in ya yi yawa yakan koma kamar ana yi wa mutum ta'aziyyar kansa yana zaune yana ji. Ku kuma 'yan'uwana tsofaffin sojoji, masu ɗauke da wata safiya irin tawa, kada ku kulle ɗaki ku yanke wa kanku hukunci a kan ƙarar da ba wanda ya shigar. Ku tashi ku je ku tambaya tun mai amsar yana numfashi.

Takalman hagun suna nan a buhu, matata ta ce a bayar, na ce wa zai sa. Ƙafa biyun kuwa su nake sawa duk Juma'a in je gaida gwaggo. Sun yi mini yawa ko da tsumman, suna dukan ƙasa in ina tafiya, tun daga bakin lungu take jin su. Ta ce in riƙa tahowa a hankali, domin irin wannan ƙarar takun ɗanta ke yi kafin ya tafi yaƙi.